Hadarin Silin

Da aka fito da Inna daga ɗakin tiyata aka kai ta sabon ɓangaren asibitin, tana buɗe ido ta ce, "Wa ya kwantar da ni a waje?"

Ba a waje take ba. Ɗaki ne mai gado biyu a can tsakiyar ginin, ko taga babu. Amma in ka ɗaga kai sai ka ga sama, kuma sama mai motsi: gajimare na tafiya a hankali, reshen wata bishiya na kaɗawa a gefe, can sai tsuntsu ya gifta. Allon haske ne aka shimfiɗa a silin daga bango zuwa bango, ana nuna bidiyon sararin sama a cikinsa. Fitilun ɗakin ma binsa suke yi, da safe su yi ja-ja, da rana su yi fari tas. Nas ɗin da ke kula da mu, wata doguwa mai tabarau, ta ce aikin wata mai fasaha ne, wai bincike ya nuna mara lafiya ya fi saurin warkewa in yana ganin sama. Na ce to. Ni malamar firamare ce, na saba jin "bincike ya nuna" duk ranar da za a ƙara mana aiki.

Inna wanki da guga take yi tun kafin a haife ni. Zannuwan gado, labule, kayan 'yan makaranta, duk a tsakar gidanmu ake shanya su. A kan ruwan sabulu ta zame ta karya ƙashin ƙugu, aka sa mata na ƙarfe. Likita ya ja ni gefe ya yi mini magana dalla-dalla. Kada ta sauko daga gado ita kaɗai. In ƙarfen ya goce sai an sake tiyata, zuciyarta kuwa ba za ta ɗauki ta biyu ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, matar da ko juyi ba ta iya yi ina za ta?

Washegari da rana ina zaune ina ɓare mata lemo, sai na ga hasken ɗakin yana raguwa. Na ɗaga kai. Gajimaren silin ya haɗu ya yi baƙi daga gefe guda, reshen nan ya fara kaɗawa da ƙarfi, har da 'yar ƙarar iska tana fitowa daga wani wuri a bango. Na ce a raina lallai mai fasahar nan ta iya aiki. Ina sauke kai na ga Inna ta yaye bargo, ƙafarta mai lafiya ta riga ta tsallake ƙarfen gado.

"Kayan mutane!" take cewa. "Ke, tashi, kayan mutane na kan igiya!"

Na watsar da lemon na rungume ta. Tsohuwar da aka yanka jiya, wallahi sai da na sa dukkan ƙarfina. Tana ture ni tana lissafa mini wanda ya kawo fararen zannuwa da wanda labulensa ke zuba. Nas mai tabarau ta shigo da gudu muka mayar da ƙafar. Kafin mu gama gyara mata kwanciya gajimaren ya watse, rana ta fito a silin kamar ba a yi komai ba.

Inna ta dubi sama ta dube ni. "Bai sauko ba?"

"Inna, a asibiti muke. Wannan silin ne."

"Na san asibiti muke, ai ba hauka nake ba," ta ce. "Amma hadarin nan mai ruwa ne."

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ta san sunana, ta san ranar, ta san an yi mata aiki, har ta san nas ɗin safe ta fi ta yamma iya allura. In ka tambaye ta da safe za ta ce maka eh, na'ura ce. Amma da ɗakin ya yi duhu sai jikinta ya riga ta tashi. Likita ya ce ruɗewa ce ta bayan tiyata, tana samun tsofaffi, za ta wuce. Na ce yaushe? Ya ce a yi haƙuri. Hadarin kuwa kullum da rana sai ya haɗu.

Na ce wa nas a kashe abin. Ta ce ba su da makunninsa, sai mai gyaran wuta. Na sauka ƙasa na samo mai gyaran wuta a wani lungu yana warware waya. Ya ce shi wuta yake gyarawa, sama ba aikinsa ba ce, kuma an haɗa ta da fitilun ɗakin, in ya cire ɗaya duk za su mutu, nas ta nemi jijiya a duhu ke nan. Ya tura ni ofishin kula da gini. Ofishin kula da gini suka ce akwai kwamiti. Na ce ina kwamitin yake? Suka ce ba wuri ba ne, mutane ne, kuma sun riga sun yi zamansu. Na ce to a canza mana ɗaki. Aka ce duk ɗakunan sabon ɓangare sama gare su, wasu ma teku ne da su a bango, tsohon ɓangare kuwa an fara rushe shi. Na tsaya a baranda ina huci, na rasa wanda zan zaga.

Da na koma ɗaki, matar da ke ɗaya gadon ta kira ni. Tsohuwa ce siririya, Goggo nake ce mata. Ta daɗe a ɗakin har nas-nas sun daina tambayarta sunanta, ƙashin bayanta ne ya lalace, daga kwanciyar rigingine ba ta da wata.

"'Yar nan, na ji kina yawon neman a kashe sama."

"Goggo, kin ga dai abin da ke faruwa."

"Na gani. Amma ni tun da aka kawo ni nan ban ga waje ba. Hadarin nan shi nake jira tun safe. In kin samu mai kashewa, ki ce masa ya haɗa da ni."

Haushinta na ji, sannan na ji kunyar jin haushin.

Yayana da ke wani gari ya bugo waya ya ba da shawara, kamar yadda na nesa suka saba. Ya ce mene ne abin wahala, a rufe mata saman kawai. Sai na zo da lema daga gida, babba baƙa, na ɗaure ta a jikin ƙarfen ƙarin ruwa ta yi wa Inna rumfa. Da safe lafiya lau, har tana cewa na mayar da ita mai talla. Da ɗakin ya fara duhu ta dubi lemar ta zaro ido.

"Har an fara? Kin buɗe lema kin bar kaya a waje?"

Ranar nan da ƙyar muka riƙe ta mu biyu, ni da nas. Na naɗe lemar na cusa ƙarƙashin gado, na kashe wayata don kada Yaya ya sake samun wata dabara.

Mai fasahar da kanta ta zo, don labari ya kai mata. Na shirya mata maganganu tun a gida, na yi zaton zan ga wata mai ji da kai. Sai ga 'yar yarinya da jaka a baya, ta durƙusa ta gaishe da Inna da Goggo. Ta ce saman gaske ce, a kan rufin gidansu ta kafa kyamara ta ɗauki yini guda tun daga fitowar rana. Ta ce mahaifinta ya yi jinya a ɗakin da ba taga, har ya rasu yana tambayar ko gari ya waye. Na ajiye maganganun da na shirya a gefe.

"To ki cire hadarin kawai," na ce. "Ki bar mana rana."

"Anti, na'ura ɗaya ce ke ba duk benen nan. In zan taɓa sai kwamiti ya yarda. Da ma akwai ruwan, har da walƙiya, su suka ce a yanke don kada a tsorata marasa lafiya. Shi ya sa yake haɗuwa ya watse."

Inna da ke saurare ta ce, "Wato ruwan ya sauka ranar?"

"Ya sauka sosai, Mama."

"Na faɗa muku," in ji Inna, ta juyo tana harara ta.

Yarinyar ta tafi idonta ya yi ja, ta ce za ta rubuta wa kwamiti. Ni kuma na zauna na rasa wa ya yi daidai a ɗakin nan. Inna ta karanta hadarin daidai, hadarin kuma ƙarya ne, ƙaryar kuma an ɗauko ta daga gaskiya. Kaina ya yi ta juyawa har na sha maganin ciwon kai.

Bayan wannan ne aka kusa yin ta. Na fita karɓo magani, layi ya riƙe ni, na manta da lokaci. Ihun Goggo ne ya kira nas. An tarar da Inna ƙafafu biyu a ƙasa, ta kama ƙarfen gado tana lilo. Aka yi hoto, Allah ya taimaka ƙarfen bai goce ba. Nas mai tabarau ta kira ni waje, ta nuna mini wasu maɗaurai masu laushi a aljihunta.

"Likita ya ce in ta sake, a ɗaure hannuwanta a gado, ko a riƙa yi mata allurar barci da rana. Ba mugunta ba ce, Malama. Ba mu da mai tsaron mutum ɗaya."

Na dubi maɗauran nan. Uwata, wadda ko zobe ba ta sawa don kada ya hana ta matse wanki, a ɗaure ta kamar akuya. Na ce a ba ni lokaci, ni zan yi maganin abin. Na ɗauki hutu a makaranta. Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne cusa wa mutum abu a ka har ya zauna, yaran da aka ce ba sa ganewa ma ni ake turo wa.

Na fara tun da safe, sama tana shuɗiya.

"Inna, mene ne wannan?"

"Sama."

"A'a. Hoto ne. Ce hoto ne."

"Ni za ki mayar 'yar aji ɗaya? Ni na wanke miki kashi."

"Ce hoto ne, Inna."

"Hoto ne, Malama," ta ce da gatse. Daga ranar ta daina kirana da sunana.

Na ari sandar goge-goge a wurin mai shara, na hau kujera na ƙwanƙwasa silin, ƙwas ƙwas, a daidai tsakiyar gajimare. Na ce ta ji? Sama tana ƙara? Na nuna mata layin da allo ya haɗu da allo. Na nuna mata tsuntsun nan da ke giftawa kullum ta gefe ɗaya, na ce wane tsuntsu ne ba ya saɓa hanya? Da duhu ya fara sai in zauna a bakin gado in riƙe hannuwanta biyu, in sa fuskata a gaban tata.

"Me ke zuwa?"

"Hadari."

"Me za mu yi?"

"Kaya..."

"A'a. Hoto ne, ba a tashi. Maimaita."

"Hoto ne, ba a tashi."

"Da ƙarfi."

Hannuwanta na cikin nawa, yatsun suna motsi kamar tana cire maƙalan shanya. In hadarin ya watse ba ta motsa ba sai in tafa mata in ce ta ci, kamar yadda nake wa yara. Da farko tsaki take yi. Daga baya na lura ta fara jiran tafin.

Goggo ba ta sa mana baki. Sau ɗaya kawai ta ce, "'Yar nan, ki riƙa yi a hankali, ni ma kina ɓata mini." Ashe tun da na nuna layin allon ita ma idonta ya kasa barinsa. Na ba ta haƙuri, amma ban daina ba.

Ni kaina abin bai bar ni ba. Na fito ƙofar asibiti wata rana na ɗaga kai, na kama kaina ina neman layin da sama ta haɗu da sama. Wata rana kuma ruwa ya kama ni a hanya, na shigo ɗaki sharkaf, silin kuwa rana ce tas, ko ɗigon gajimare babu. Inna ta taɓa gefen mayafina ta matse shi, ruwa ya ɗiga a kan bargo.

"Ina kika jiƙe?"

"Ana ruwa a waje."

Ta dubi sama, ta dubi mayafin, ta daɗe tana kallona. "To wanne ne hoton?"

"Na sama, Inna."

"Na sama," ta maimaita a hankali, ta saki mayafin.

Aiki dai ya yi. Wata rana ɗakin ya yi duhu, iska ta taso a bango, ina zaune nesa da gangan, Inna ta haɗa hannuwa a ƙirji bakinta na motsi, ba ta ko ɗaga bargo ba. Nas mai tabarau ta ce da za a samu irina a kowane ɗaki da sun huta. Maɗauran ba su fito daga aljihu ba. Likita ya ce ruɗewar ta wuce, kamar yadda ya faɗa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na buga wa Yaya waya na yi masa gori. Masu koyar da tafiya suka fara ɗaga ta da sandar nan mai ƙafa huɗu, ƙarfen ya zauna daram, aka sallame mu. Goggo ta ce mu gaida waje. Har muka tafi kwamiti bai sake zama ba.

A gida ƙanwata ce ta riƙe wankin mutane don kada su koma wani wuri. Inna ta ƙi zaman ɗaki, sai muka riƙa sa mata kujera a tsakar gida kusa da igiyoyi, tana ba da umarni: a ƙara ɗauraye wancan, a juya wannan, wa ya koya muku shanya riga ta kafaɗa? Na ce a raina, Inna ta dawo yadda take.

Wata Asabar ƙanwata ta cika igiyoyi da fararen zannuwan wani masauki, ta tafi kai guga. Ni ina ɗaki ina duba littattafan yara da suka taru mini. Na ji iska ta buga ƙofa, na ji ɗakin ya yi duhu har na kunna fitila, amma ban tashi ba. A gidanmu ba wanda ya taɓa koyon duba sama. Muryar Inna muke jira, tun ruwa yana nesa take kwaɗa kira, kowa ya fito da gudu. Ban ji kira ba, sai na ci gaba da jan biro.

Ƙarar ruwa a kan kwano ce ta tashe ni. Na fito da gudu ba takalmi. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, iska ta tsinka igiya ɗaya, zannuwa suna kwance cikin taɓo, sauran sun manne da juna suna zuba. Inna tana kan kujerarta a tsakiyar wannan duka. Ɗankwalinta ya jiƙe ya zame, ruwa na bin fuskarta yana shiga wuyan riga. Ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta ɗaga kai sama, bakinta na motsi.

"Inna! Ruwa ake yi! Me ya sa ba ki kira ba?"

Ta sauke kai ta dube ni, tana ƙifta ido saboda ruwan. Ba tsoro a fuskarta, ba ruɗewa irin ta asibiti. Murmushi ma take yi.

"Na gan shi tun yana haɗuwa," ta ce. "Baƙi ƙirin, daga can. Har da ƙamshi suka sa masa yau."

"Inna, wannan na gaske ne. Gida muke. Taɓa rigarki ki ji."

Ta taɓa rigar, ta dubi hannunta, ta dubi zannuwan da ke cikin taɓo. Na ga yatsunta sun fara motsi, sai ta kama su da ɗaya hannun ta mayar ƙirji ta danne.

Na tsaya a cikin ruwan na rasa me zan fara ɗauka, ita ko kayan mutane. Na rasa ko tsufa ne, ko maganin asibiti ne bai gama sakinta ba, ko ni ce. Na durƙusa na sa hannu zan ɗaga ta, sai ta riƙe kujerar gam.

"Ban tashi ba, Malama," ta ce. "Kin gani ko? Ko motsi ban yi ba." Ta leƙa fuskata tana jira. "Na ci?"